Benci Bayan Benci: Tarihin Mutanen Ƙauyen Myddle

A yammacin Ingila, daf da iyakar Wales, akwai lardin Shropshire, kuma kimanin kilomita 13 arewa da babban birninsa, Shrewsbury, akwai wani ƙauye mai suna Myddle. Ba a taɓa naɗa sarki a can ba, ba a gwabza wani babban yaƙi a filayensa ba. Mutanensa a ƙarni na 17 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, akasarinsu masu kiwon shanu ne da masu yin cuku da 'yan ƙwadago. Duk da haka masana tarihin Ingila sun san mutanen wannan ƙauye na wancan zamani fiye da na kusan kowane ƙauye a ƙasar. Sun san wa ya auri wa, wa ya shanye gadon ubansa a mashaya, wa ya tafi Landan koyon sana'a bai sake dawowa ba. Sanadin haka mutum ɗaya ne, Richard Gough, manomi mai gonar kansa a unguwar Newton on the Hill, wanda aka haifa a 1635 ya rasu a 1723. A shekarar 1700, yana da shekara 65, ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta tarihin gundumar cocinsu, wato Myddle da ƙananan unguwannin da coci ɗaya ke haɗa su da ita, irin su Marton, Newton, Balderton da Alderton. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, littafin nan ya rayu ne domin marubucinsa bai zaɓi waɗanda zai rubuta ba. Salsala ba ta zama tarihi sai ta ɗauki kowa, mai hali da maras shi, na kirki da na banza, kuma sai an haɗa abin da takarda ta adana da abin da maƙwabta suka sani.

A zamanin Gough, in an ce tarihin wani yanki, tarihin manyan gidajensa ake nufi. Littafin da William Dugdale ya fitar a 1656 a kan lardin Warwickshire, wanda ya zama abin koyi ga marubutan larduna, cike yake da jerin iyayen ƙasa, da yadda filaye suka wuce daga wannan gida zuwa wancan, da zanen tambarin manya da kaburburansu. Daga 1530 zuwa 1688 kuma jami'an fada masu kula da tambura sun riƙa zagaya larduna, suna kiran masu daraja su kawo salsalarsu a tantance. Sun zo Shropshire a 1623, kuma maƙeri ko mai kiwon shanu ba ya cikin waɗanda aka kira. Gough ma ta wannan ƙofa ya shiga. Kashin farko na littafinsa ya yi bayanin iyakokin gunduma, da cocin, da limamanta, da iyayen ƙasa. Gidan Strange ne suka gina gidan sarauta mai ganuwa a Myddle a farkon ƙarni na 14. Daga gare su ƙasar ta koma gidan Stanley, masu sarautar Derby, ta hanyar aure, sannan gidan Egerton suka saye ta. Ya kawo labarin Humphrey Kynaston, wanda aka ba riƙon gidan ganuwar ya bar shi ya lalace, hukuma ta shiga nemansa ruwa a jallo, ya koma zama a wani kogo a Nesscliffe. Duk wannan yana da amfani, amma da a nan Gough ya ajiye alƙalami, da littafinsa ya zama ɗaya daga cikin tarin irinsa, kuma da mutanen Myddle kansu ba su fito a ciki ba. Iyayen ƙasar nan ba a ƙauyen suke zaune ba. Abin da ya haɗa su da shi kuɗin haya ne.

A 1701 ya ɓullo da wata dabara da ta sauya aikin gaba ɗaya. Ya zana taswirar cikin cocin Saint Peter ta Myddle, ya nuna kowane benci da sunayen masu zama a kansa, sannan ya fara daga bencin gaba yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana ba da tarihin kowane gida mai haƙƙin zama a wurin. A masallaci wanda ya riga zuwa shi ke samun sahun gaba, amma a cocin ƙauyen Ingila na wancan lokaci kowa da wurinsa sananne, kuma wurin yana bin darajarsa. Manyan masu gonaki suna gaba, matsakaitan manoma da masu sana'a suna tsakiya, mazauna ƙananan bukkoki suna can baya. Gough ya bayyana ƙa'idar da ake bi: benci ba na mutum ba ne, ba kuma na fili ba ne, na gida ne. Wanda ya shiga gidan, ko ta gado ko ta ciniki ko ta haya, ya gaji wurin zaman, ya kuma gaji kuɗin gyaran coci da ke kan gidan. Saboda haka bayanin benci ɗaya yakan tilasta masa bayanin duk iyalan da suka taɓa zama a wannan gida, da yadda suka shiga, da yadda suka fita. A nan ƙarfin dabarar yake. Mai rubuta salsalar gida ɗaya yana iya tsallake ɗan'uwan da ya ba da kunya. Wanda ya ɗaure kansa da taswirar benci ba shi da wannan dama, domin duk mai karatu a ƙauyen ya san wanda ke zama a benci na gaba, in an tsallake shi za a gani.

Gough kuwa ya dace da aikin. Kakanninsa, waɗanda da yawansu Richard ne sunansu, sun daɗe a Newton, don haka ya taso yana jin labarin gidaje daga bakin tsofaffi. Ya yi makaranta har ya iya Latin. Yana saurayi ya yi aiki a ƙarƙashin Robert Corbett na Stanwardine, alƙalin yanki kuma ɗan Majalisa, inda ya koyi karanta takardun filaye da na shari'a. Wato yana da kunnen ɗan gari da idon magatakarda, kuma akwai takardun da zai duba. Tun watan Satumba na 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace coci ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a ciki kowace Lahadi, a kulle shi a akwati mai makulli biyu. A 1598 aka ƙara da cewa a kwafe tsofaffin bayanan a kan takardar fata, musamman daga 1558 da Sarauniya Elizabeth ta hau gado, a kuma riƙa aika kwafi ga bishop. Rajistar Myddle ta fara daga 1541, tana cikin waɗanda suka tsira tun daga shekarun farko. Wannan rajista ita ce ƙashin bayan duk wani binciken asali a Ingila kafin 1837, lokacin da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa da kanta. Amma abin da take bayarwa kaɗan ne: suna, da kwanan wata, wani lokaci da sunan uba ko unguwa. Tana iya nuna cewa wani gida ya yi shekara ɗari yana kawo jarirai baftisma sannan sunansa ya ɓace. Ba za ta faɗi ko annoba ce ta share su, ko bashi ya kore su, ko arziki suka yi suka koma birni ba. Wannan sani yana bakin maƙwabta, kuma yakan mutu tare da su in ba a samu wanda ya rubuta ba.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa shi ne ya fi nuna wannan giɓi. Littattafan tarihin ƙasa ba su da abin faɗa a kan Myddle. Gough kuwa ya lissafa cewa daga Myddle da Marton da Newton kaɗai mutum 20 suka tafi yi wa Sarki yaƙi, aka kashe 13 daga cikinsu, kuma ya kawo su da sunayensu da gidajensu. Yawancinsu ba a gida aka binne su ba, saboda haka rajistar jana'izar cocinsu ba ta san da mutuwarsu ba. Ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa yana ɗan makaranta. Akwai wani ƙaramin hafsan sojan doki mai suna Collins, mutumin Ireland, daga sansanin Sarki da ke Shrawardine, wanda ya saba shigowa gundumar yana kwashe shanu da abinci da kayan shimfiɗa. Wata rana ya zo gidan Allen Chaloner maƙeri, matar gidan, Margaret, ta fito masa da katifarta mafi kyau. Ya raina ta, ya jefa ta cikin kududdufin ƙofar gida, ya sa dokinsa ya tattake ta. Kashegari ya sake biyowa, ya tsaya a maƙerar don a gyara wa dokinsa ƙarfen kofato, sai sojojin Majalisa daga sansanin Moreton Corbet suka ci karo da shi, aka harbe shi. Aka ɗauke shi aka kwantar a ƙasa cikin gidan maƙerin. Ya roƙi a shimfiɗa masa katifa, matar ta shaida masa ba ta da wata sai wadda ya gani jiya. Ya nemi gafararta, ta ɗauko ta shimfiɗa masa. Aka kira malamin makarantar, Roderick, ya yi masa addu'a, Gough ya bi malaminsa, ya ga mutumin kwance jini na malala a daɓe. Da dare sojoji suka zo suka tafi da shi Shrawardine, ya mutu kashegari. Duk abin da yaƙi ke yi wa talaka yana cikin wannan labari, da zaluncin mai bindiga, da saurin juyawar rana, da halin matar da aka wulaƙanta ta kuma yi jinƙai. Ba don Chaloner yana cikin mutanen da Gough ya ɗauka sun cancanci a rubuta su ba, da babu wanda zai san sunan Margaret a yau.

Idan aka bi bencin nan har ƙarshe, babban abin da ke fitowa shi ne cewa asali ba kadara ce da ake ajiyewa ba. Mutane kan ɗauka ƙauyen Ingila na da can wuri ne da ba ya motsi, kowa yana nan inda kakansa yake. Littafin Gough ya rushe wannan zato. Yawancin manoman Myddle ba su mallaki gonakinsu ba, haya suke riƙe da su daga uban ƙasa, sau da yawa bisa yarjejeniyar da ke ɗorewa tsawon rayuwar mutum uku da aka ambata a takarda, kamar miji da mata da ɗansu. Mutuwa biyu a jere, ko bashi, ko rashin ɗa namiji, na iya fitar da iyali daga gidan da suka daɗe a ciki. Gidan Gittins da kuɗin jima suka zo daga Shrewsbury suka kama gonar da ke jikin tsohuwar ganuwa, suka shiga sahun manya. William Nicholas ya gina katafaren gida a Balderton, ginin ya jefa shi bashi har ya sayar, gidan kuma ya ci gaba da sauya hannu. Thomas Hayward manomi ne gwani mai ilimi, amma rashin zaman lafiya a gida ya mai da shi ɗan mashaya, dukiya ta zube, ya ƙare a hannun 'yan'uwa. Giya ita ce sanadin da Gough ya fi ambata a faɗuwar gidaje, ga maza da mata. A gefe guda kuma ana sare dajin Myddle, 'yan ƙwadago na kafa bukkoki a wurin, samari na tafiya Shrewsbury da Landan koyon sana'a. Wanda ya yarda cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe zai samu misalai a littafin, amma zai samu da yawa inda albasa ba ta yi halin ruwa ba. Binciken masanin tarihi David Hey, wanda ya fitar da littafi a kan Myddle a 1974, ya nuna cewa akwai wasu iyalai da suka daɗe suka zama ginshiƙin gari, sauran kuwa shiga da fita suke yi. Ba Myddle kaɗai ba ce haka. A Clayworth ta lardin Nottinghamshire, ƙauye mai mutum kimanin 400, limamin coci ya rubuta sunayen mazauna a 1676 da kuma 1688. Da masanin tarihi Peter Laslett ya gwada jerin biyu, ya tarar kimanin shida cikin goma na mutanen jerin farko ba sa nan bayan shekara 12, wasu sun mutu, mafi yawa sun ƙaura.

Suka ta farko da mai hankali zai yi wa wannan littafi ita ce, shin ba gulma ba ce aka yi wa ado da sunan tarihi? Wanda ya taso da tarbiyyar rufa wa mamaci asiri zai ji nauyin wasu shafukan, kuma wannan nauyi alamar kirki ce. Gough ya rubuta cewa Reece Wenlock ɓarawon itace ne mai zare shingen maƙwabta. Da Wenlock ya gina sabon tanderu, wani mai suna Richard Mercer ya huda wani busasshen ice, ya cusa albarushi, ya toshe, ya maƙale shi a shinge. Wenlock ya haɗa da shi cikin satarsa, ya hura wuta, tanderun ya fashe, wuta ta kama gefen gidansa. Ya rubuta yadda Hugh Elks na Marton ya shiga wani gida sata ranar Lahadi mutane na coci, ya kashe yarinyar da ya tarar tana yin cuku domin ta gane shi, sannan karensa da ya tsaya ya cika ciki da cukun ya zama sanadin gano shi. Amsata ita ce, gulma tana zaɓen wanda za ta ci namansa, tana kuma ɓoye alherinsa. Gough ya auna kowa da mudu ɗaya. Ya yabi talakan da ya yi aiki tuƙuru ya riƙe amana, ya kushe mai dukiyar da ya lalace, ya kuma rubuta alheri game da Joshua Richardson, limamin da aka tuɓe a 1662 saboda ya ƙi bin sabon tsarin ibada da hukuma ta kafa, alhali shi Gough ya ci gaba da bin cocin hukuma. Ban da haka, in an share laifin mai laifi, an share wanda aka zalunta tare da shi. Rufa wa Elks asiri na nufin a manta da yarinyar da ya kashe. Akwai bambanci tsakanin tona asirin da bai shafi kowa ba da rubuta abin da ya sauya rayuwar mutane, kamar kisa, ko cin gadon marayu, ko shaye-shayen da ya raba yara da gonar ubansu. Ba kowane labari na Gough ne ya tsallake wannan ma'auni ba, amma yawancinsu sun tsallake, domin su ne ke bayyana dalilin da ya sa benci ya fita daga hannun wannan gida ya koma wancan.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: wa ya tabbatar da abin da tsoho ɗaya ya tuna? Gough yana rubuta wasu abubuwan da suka faru shekara ɗari kafin lokacinsa, yana da waɗanda yake so da waɗanda ba ya so, kuma waɗanda ya kushe ba su da bakin kare kansu. Labarin Hayward misali ne. Ya ɗora laifin a kan zafin halin matarsa Alice, amma ba mu ji daga bakinta ba, kuma mai yiwuwa ne matar da mijinta ke kwashe dukiya zuwa mashaya tana da dalilin faɗa. Wannan gaskiya ce, kuma dole mai karatu ya raba abu biyu, wato abin da Gough ya ce ya faru da hukuncin da ya yanke a kansa. Hukuncin nasa ne, ra'ayin dattijo mai gona ne na ƙarni na 17. Amma abin da ya faru ana iya gwada shi, kuma an gwada. Hey ya ɗauki littafin ya jera shi da rajistar coci, da wasiyyoyi, da jerin kayan da mamata suka bari, da takardun haraji da na haya, ya tarar cewa a inda ake iya bincikawa Gough yakan yi daidai, musamman a kan zamaninsa da na iyayensa, kurakuransa kuma sun fi yawa a kan kakannin nesa. Ita ma takardar ba tsarkakakkiya ba ce. Akwai limaman da suka yi sakaci, rajistoci da dama sun sami giɓi a shekarun yaƙin basasa, sunaye iri ɗaya suna maimaituwa har a rasa wane ne uba wane ne ɗa, kuma kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, ta yadda jaririn watan Janairu ake rubuta shi a shekarar da mu yanzu za mu kira ta baya. A irin waɗannan wurare ɗan garin da ya san mutanen shi ke warware ƙullin. Takarda tana gyara tunanin mutum, tunanin mutum yana gyara takarda, kuma wanda ya jefar da ɗaya ya rage wa kansa shaida.

Suka ta uku tana taɓa tushen hujjata. Na ce dabarar benci ta tilasta a ɗauki kowa, amma akwai waɗanda ba su da benci: barori da ke sauya gida kowace shekara, da baƙin da suka zo aiki suka wuce, da matalautan da ba su da gidan da za a jingina musu wurin zama. Mata kuma ta hanyar mazansu ko iyayensu suke shigowa labari. Dole a amince da wannan iyaka. Har ma akwai abin da ya fi haka ɗaci. Dokar 1601 ta ɗora wa kowace gundumar coci ciyar da matalautanta, dokar 1662 kuma ta ba ta damar mayar da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi zuwa gundumarsa ta asali. Gough ya kawo shari'o'i da dama da Myddle ta yi da wasu gundumomi a kotun lardi a kan wa zai ɗauki nauyin wani gajiyayye ko wani jariri, kuma yana alfahari da nasarar da garinsu ya samu. Zuciyarsa a nan tana tare da masu biyan haraji. Sai dai ko wannan ya ƙarfafa hujjar ne. Waɗannan bayin Allah da gundumomi ke tunkuɗa wa juna sun shiga tarihi da sunayensu ne saboda Gough ya ɗauki shari'ar matalauci a matsayin abin da ya cancanci shafi, daidai da cinikin uban ƙasa. Haka kuma yakan faɗi garin da mace ta fito, da gidan iyayenta, da dukiyar da aka haɗa ta da ita zuwa gidan miji, da irin riƙon da ta yi wa gida, alhali tsofaffin rajistoci sau da yawa ko sunan uwa ba sa rubutawa a baftismar ɗanta. Ya faɗaɗa da'irar fiye da kowa a zamaninsa, kuma inda ya tsaya ya nuna wa na baya inda za su ci gaba.

Wani kuma zai ce, ƙauye ɗaya ne fa, me zai koya mana game da ƙasa guda? Lallai Myddle ƙasar kiwo da daji ce, ta bambanta da ƙauyukan noman hatsi na tsakiyar Ingila, kuma ba a gina tarihin ƙasa a kan gari ɗaya. Shi ya sa masana suka bi wata hanyar. A 1964 Laslett da E. A. Wrigley suka kafa ƙungiyar nazarin tarihin yawan jama'a a Cambridge. Wrigley ya ɗauki dabarar da Louis Henry ya ƙirƙiro a Faransa, ta sake haɗa iyalai daga rajistar coci, ya gwada ta a Colyton ta lardin Devon. A 1981 shi da Roger Schofield suka fitar da tarihin yawan mutanen Ingila daga 1541 zuwa 1871, bisa ƙidayar da aka tattaro daga rajistocin gundumomi 404. Daga irin wannan aiki aka gane cewa talakawan Ingila na wancan zamani ba sa aure da wuri, yawancinsu sai sun wuce shekara ashirin da 'yan kai, kuma ma'aurata kan kafa gidansu dabam. Wannan babban ilimi ne, amma lissafi yana faɗin yawan abin da ya faru ne, ba ya faɗin yadda mutane suka ji da shi ko dalilin da suka bayar. A Myddle ake ganin saurayin da ke jiran gona ta faɗo hannunsa kafin ya yi aure, da uban da ke cinikin dukiyar da zai haɗa 'yarsa da ita, da gwauruwar da ta riƙe haya har ɗanta ya girma. Gundumomi 404 suna tabbatar da cewa abin ba na Myddle kaɗai ba ne, Myddle kuma tana nuna yadda abin yake a cikin gida.

Gough bai ga littafinsa a buge ba. Sai a 1834, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa, Sir Thomas Phillipps ya buga wani ɓangare nasa, cikakken kuma ya fito a Shrewsbury a 1875, sannan Hey ya sake shirya shi ga masu karatu na zamani a 1981. A yau dubban mutane a Ingila da Amurka da Ostareliya suna bin rajistocin coci ta intanet suna neman kakanninsu, kuma da yawa abin da suke fata shi ne su ci karo da mai sarauta ko tambarin wani babban gida. Wannan fata shi ne ke lalata salsala, domin mai neman daraja yakan manne wa duk sunan da ya yi kama da nasa, ya kuma kawar da ido daga kakan da aka rubuta a jerin masu karɓar taimakon coci. Myddle ta nuna cewa babu gidan da ya hau bai taɓa sauka ba, kuma ba a fahimtar gida ɗaya sai an san maƙwabtansa, waɗanda suka ba shi mata, suka ba shi bashi, suka sayi gonarsa. Saboda haka wanda zai rubuta tarihin gari ya nemi ma'aunin da ba shi ya tsara ba, kamar jerin gidaje ko na masu biyan haraji, ya bi shi har ƙarshe ba tare da tsallake kowa ba. Ya tambayi tsofaffi tun suna raye, ya gwada abin da suka faɗa da takarda, ya bambanta abin da ya faru da ra'ayinsa a kai. Aikin yana da nauyi, kuma zai ɓata wa wasu rai, amma shi kaɗai ne ke ba talaka haƙƙinsa na a san ya rayu, a kuma san abin da ya same shi.